Ina Jama'a Za Su Nufa Ranar Musiba?

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a ƙasar Bebeji cikin Agustan 1988 bai manta yadda madatsar ruwan Bagauda ta ɓalle ba, ta tafi da gonaki da gidaje da rayuka, alhali madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, ta fi ta girma nesa ba kusa ba.

To, mas'alar kwashe jama'a kafin irin wannan bala'i ya riske su, tana cikin sharuɗɗan da hukumomi ke gindayawa kafin su ba tashar nukiliya izini. A Amurka, wajibi ne a tsara yadda za a fitar da mazauna kimanin kilomita 16 kewaye da tasha. Har ma tashar Shoreham, bayan an kammala gininta da dukiya mai ɗimbin yawa, aka haƙura da ita a 1989 ba ta shiga kasuwar lantarki ba, saboda mahukuntan yankin sun ce mutanen tsibirin Long Island ba za su iya ficewa cikin lokaci ba. A ganina sun yi daidai, domin kiyaye rai yana gaban kiyaye dukiya a Shari'a.

Mu nan, injin binciken nukiliya da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tun 2004, ƙarami ne ƙwarai. Amma in an zo maganar gina babbar tasha a yankinmu, haƙƙin mutumin Kiru, Tudun Wada da Doguwa ne ya tambayi wa zai sanar da dagaci da liman, wace hanya ce ke biyuwa da damina, kuma wa zai ɗauki tsofaffi, majinyata da dabbobi.