TSOHON KEKEN ƊINKI: YADDA ZA MU MAIDA SHI NA ƘAFA

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, mun san damana wata uku ce ko huɗu. Idan hatsi ya shiga rumbu, sai dogon rani ya biyo baya. Wanda yake da sana'ar hannu ba ya sayar da hatsinsa da araha don biyan ƙaramar bukata. Ɗinki yana cikin sana'o'in da ake yi a gida: kayan yara, kayan salla, gyaran buhu, da facin gidan sauro.

Amma yawancin kekunan ɗinki na zamani da wutar lantarki suke aiki. A Nijar kuwa, wajen mutum ɗaya ne cikin biyar yake da wuta a gidansa, kuma mafi yawansu a birni suke. Ko a birnin ma, mun ga abin da ya faru cikin watan Agusta na 2023, lokacin da wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke har zuwa watan Maris na 2024. Telan da ke da keken ƙafa bai bar aikinsa ba. Don haka a yau za mu duba yadda ake neman tsohon keke, da yadda ake maida shi na ƙafa.

ME YA SA TSOHO?

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Kamfanin Singer ya fara ƙera keke a Amurka tun 1851. Irin wanda muka fi sani, baƙin nan mai zanen ruwan zinariya, shi ne ake kira lamba 15. Daga baya masana'antun Japan da na Sin sun kwaikwayi ƙirarsa, kamar Butterfly da ke hannun teloli da yawa. Jikinsa da cikinsa duka ƙarfe ne, babu robar da za ta tsage saboda zafi. Kuma da yake ƙirar ɗaya ce, allura da kwarkwaro da sauran ƙananan kaya ba su da wuyar samu.

Da yawa cikin waɗannan kekuna tun asali na ƙafa ne ko na hannu. Daga baya ne aka ɗaura musu ɗan injin lantarki a baya. Idan mun cire injin, keken ya koma yadda aka ƙera shi.

INA ZA MU SAME SHI?

Mu fara da gida. Akwai keken da yake ajiye a ɗaki shekara da shekaru don injinsa ya ƙone. Mu tambayi tsofaffin teloli da masu gyaran keke. Mu duba wurin masu tsofaffin kaya, kamar a kasuwar Katako ta Yamai, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi da ta Tawa. Idan da hali, mu tafi da tela wanda muka yarda da shi.

ABIN DA ZA MU DUBA KAFIN MU BIYA

1. Mu ɗaga keken. Nagari yana da nauyi. Mu duba ko jikinsa ya tsage, don fasasshen jiki ba ya gyaruwa da kyau.

2. Mu juya tayar hannu, wato wadda ke gefen dama. Allura ta hau ta sauka, haƙoran da ke jan yadi su motsa. Idan taya ta yi tauri kaɗan, sau da yawa dauɗa ce da busasshen mai. Idan ta ƙi motsi sam, ko tsatsa ta ci cikin keken, mu bar shi.

3. Mu tabbata gidan kwarkwaro yana nan.

4. Mu duba injin. Idan a waje yake, yana juya taya da igiya, to keken zai yi. Idan injin yana ɓoye cikin jikin keke, ko yana manne da taya ba tare da igiya ba, kada mu saya.

5. Tayar hannu ta kasance da kwari inda igiya za ta zauna, kuma ta leƙo waje, yadda igiyar za ta sauka ƙasa ba ta goga jikin keke ba.

Mu nemi a ɗinka ƙyalle a gabanmu. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.

YADDA AKE AIKIN

Na farko, mu cire injin. Noti ɗaya ne ke riƙe da shi, a ƙarƙashin tayar hannu. Mu kwance shi, mu cire wayoyin duka.

Na biyu, wanki. Mu goge cikin keke da ƙyalle da ɗan kananzir, nesa da wuta. Idan ya bushe, mu ɗiga man keke a kowane rami da kowace mahaɗa, ɗigo ɗaya-ɗaya. Kada mu sa man gyaɗa ko man girki, don yana daskarewa ya zama danƙo, ya kama keken.

Na uku, taya. Idan ƙarama ce, gara mai gyara ya sauya ta da babba mai nauyi, irin ta keken ƙafa. Nauyin shi ke sa keke ya riƙa gudu daidai. Ya kuma tabbata abin naɗa zare a kwarkwaro yana taɓa sabuwar tayar.

Na huɗu, tebur. Ƙafar keke tana da abu uku: matakin da ake takawa, sandar da ke haɗa shi da taya, da babbar taya. Ana samun tsohuwar ƙafa, ana kuma sayar da sabuwa. Idan katakon sama ya lalace, kafinta ya yi wani. Ya huda gurbin da keke zai zauna, da ramin da igiya za ta bi. Abin lura shi ne, kwarin tayar sama ya yi daidai da na tayar ƙasa. Mu ɗaura ɗan dutse a zare, mu sake shi daga kwarin sama. Idan ya faɗa kan kwarin ƙasa, to sun daidaita. Idan sun saɓa, igiya za ta riƙa faɗuwa.

Na biyar, igiya. Ta fata ce, mulmulalliya, kaurinta wajen milimita 5, tsawonta wajen santimita 180. Idan babu a kasuwa, baduku zai iya yanke mana. Mu zagaya ta kan tayoyin biyu, mu yanke abin da ya yi saura. Mu huda bakin biyu da ƙusa, mu haɗa su da ɗan guntun waya. Kada ta yi sako-sako, sai ta zame. Kada kuma ta yi tsauri, sai taki ya yi nauyi. Sabuwar fata tana miƙewa. Bayan ƴan kwanaki mu rage ta kaɗan.

KOYON TAKI

Mu fara ba zare ba allura. Mu ɗora ƙafa biyu a kan mataki, ɗaya gaba, ɗaya baya kaɗan. Mu juyo tayar hannu wajenmu da hannun dama, sannan ƙafafu su karɓa. Idan taya ta koma baya, zare zai harɗe ko ya tsinke. Taki ɗaya yana ba da ɗinki wajen huɗu, saboda haka ba sai mun yi gaggawa ba. Idan mun iya tayarwa da tsayarwa yadda muke so, sai mu sa allura mu gwada a tsumma.

MU KULA DA LAFIYA

Mu zauna kan kujerar da ta yi daidai da tebur, bayanmu a miƙe. Mu yi ɗinki inda akwai haske, don kare idanu. Bayan kowace awa mu tashi mu miƙe jiki. Kada mu sa allura a baki. Karyayyar allura mu jefa ta cikin gwangwani mai murfi, kada yaro ya taka.

Babban hatsari shi ne ƙananan yara. Yaro mai rarrafe yana son wasa da mataki, kuma babbar taya tana iya murƙushe masa yatsa. Duk lokacin da muka tashi, mu sauke igiya daga taya, mu rufe keken da zane. Rufin nan yana kuma kare shi daga ƙurar hunturu.

Wanda kuɗin keke ya fi ƙarfinsa, ba dole sai shi kaɗai ba. Ƙungiyar mata ko ƴan adashe suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, su raba ranakun aiki, su ware wani abu don mai da allura. Lokacin nema kuwa shi ne kaka, tun kuɗin wake da na gyaɗa ba su watse ba.