AMSOSHIN WASIƘUNKU: MENE NE KANTA?

 Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Bici, wanda kuma yake taɓa fataucin hatsi da rani. Ya ce ranar kasuwa sun gaisa da wani abokin cinikinsa, sai mutumin ya riƙe hannunsa ya ce, "Kai Malam, wannan hannu naka ya yi kanta." Mutanen rumfa suka yi dariya, shi kuwa abin ya tsaya masa a rai. Yana so ya san ma'anar kalmar, kuma shin yabo ne ko zagi. A ƙarshen wasiƙar ya ƙara da cewa mahaifinsa yana da ciwon sukari, kuma yakan sa reza ya yanke kantar da ke tafin ƙafarsa, shin da laifi?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Kanta ita ce fata wadda ta yi kauri ta taurare saboda yawan guga ko danni a wuri guda. Ba a haifar mutum da ita, aiki ne yake kawo ta. Saman fatar ɗan Adam a rufe yake da wani sinadari mai tauri, irin wanda ke cikin farce da gashi da ƙahon saniya. Idan ƙotar fartanya ta riƙa gugar wuri ɗaya kullum, sai jiki ya yi ta ƙara wannan sinadari a wurin don ya kare naman da ke ƙasa. Ka tuna farkon damina. Ranar da ka fara huɗa, hannu bororo yake yi, ya tara ruwa, ya yi zafi. Kafin a kai noman biyu wurin ya bushe ya taurare, ka daina jin komai. To wannan taurin shi ne kanta.

Kowace sana'a da inda take ajiye tata. Manomi da maƙeri a tafin hannu, mai daka a gindin yatsu inda taɓarya take bi, mai ga-ruwa a kafaɗa, makaɗin gurmi a kan yatsa, mai yawo ba takalmi a tafin ƙafa. Ko raƙumi ka duba gwiwoyinsa da ƙirjinsa, inda yake dogarawa in ya durƙusa.

Sai dai a lura, jama'a suna haɗa kanta da wasu abubuwa uku. Bororo na farat ɗaya ne, kuma da ruwa a ciki. Kaushi shi ne bushewa da garjen fata, musamman a dunduniya lokacin hunturu. Faso kuwa shi ne idan dunduniyar ta dare ta tsage, wani lokaci har da jini. Kanta takan rikiɗe ta zama faso in ta bushe ƙwarai.

Wajen amfani, kalmar tamace ce. Ana cewa kanta ce, ana cewa kantar hannu, kuma galibi da "yi" take tafiya: hannu ya yi kanta, gwiwa ta yi kanta. Daga nan Bahaushe ya ɗauke ta ya ɗora wa duk abin da ya daɗe har ya kafu ya ƙi fita. Za ka ji an ce dauɗa ta yi kanta a wuyan riga, ko bashi ya yi kanta, wato ya kwana biyu har mai shi ya daina jin nauyinsa. A labarai ma kuna jin ana cewa cin hanci ya yi kanta. A nan kam kalmar ba yabo ba ce, don ana nufin an bar abu tun yana ƙarami har ya gagari gyara. Shi ya sa aka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma wasu kalmomi da ake rubutawa iri ɗaya a boko amma ba dangin juna ba ne. In aka ce ta ɗora tulu a kanta, kai ake nufi. In aka ce an jefa wani bayan kanta a ofishin 'yan sanda, wannan aro ne daga Turanci, wato dogon teburin nan na shago ko na ofis. Sannan ga Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi, wanda ya yi wa daular Songhai tawaye a ƙarni na 16 ya kafa birninsa a Surame. Maganar da ke kewaye da kalma ita za ta nuna maka wadda ake nufi.

Saboda haka Malam, ka kwantar da hankalinka. Abokinka bai zage ka ba. Hannu mai kanta shaida ce cewa mai shi da guminsa yake ci, kuma malalaci ba ya samunta ko da kuɗi.

Yanzu sai batun Baba, wanda ya fi na farko muhimmanci. Ga mai lafiya kanta kariya ce, amma ga mai ciwon sukari haɗari ce. Wannan ciwo in ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ya kuma rage gudun jini zuwa can. Sai kanta ta riƙa danne naman da ke ƙarƙashinta kamar tsakuwa a cikin takalmi, miki ya ɓullo a ciki, mai ƙafar bai sani ba don ba ya jin zafi. In kuma aka sa reza, za a iya yanka har nama ba a ji ba, ga shi mikin mai ciwon sukari ba ya saurin warkewa. Ta haka ne mutane da dama suka rasa yatsa, wasu ma ƙafa ɗungum. Haka abin yake ga wanda kuturta ta kashe masa jin hannu ko ƙafa.

Don Allah ka karɓe rezar nan daga hannun Baba yau ɗin nan. Kullum da yamma a wanke masa ƙafa da ruwa mai ɗumi kaɗan, kai ka fara taɓa ruwan da hannunka don shi ba zai gane zafinsa ba. A share sosai har tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya a dunduniya da tafin ƙafa, amma ban da tsakanin yatsun. A duba ƙafar da haske. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, kuma a zazzage takalmin kafin ya sa. In ka ga kantar ta yi baƙi a tsakiya, ko tana tsattsafo da ruwa, ko wari, ko ƙafar ta kumbura, kada a jira ranar kasuwa, a kai shi asibiti. Rage kanta irin tasa aikin ma'aikacin lafiya ne.

Kai kuwa da sauran masu lafiya, in taku ta dame ku, ku jiƙa wurin a ruwan ɗumi kamar minti 10, ku goge a hankali da dutsen goge kaushi, ku shafa mai. In takalmi ne ya matse, a canja shi, in ba haka ba za ta dawo.

Muna fatan mun amsa maka, kuma a gaida mana Baba, Allah ya ƙara masa lafiya.