Yadda A Ke Kula Da Iyafis Mara Waya

Ran nan bayan an tashi daga aji, wani dattijo cikin 'yan ajinmu ya tsai da ni. Ya zaro wani ɗan akwati fari daga aljihu, ya ce, "Malam, dubi abin da ɗana ya aiko mini daga birni. Ya ce in na sa a kunne, ƙarar injin niƙan maƙwabcina ba za ta hana ni sauraron karatu ba. Da fari kuwa haka ne. Yanzu guda ba ya magana sosai, guda kuma sai faɗuwa ya ke yi. Ko jabu aka sayar wa yaron?"

Na ce, "Baba, kawo mu gani tukuna." Da na duba, sai na ga ba abin da ya lalace. Dauɗa ce ta toshe guda, ɗayan kuwa robarsa ce ta yi ƙanƙanta. Kafin a kira la'asar mun gyara duka biyu. Da ya yar da su, da kuɗin ɗansa sun tafi a banza, an kuma zargi mai kanti da abin da bai yi ba.

To, bari mu koyi yadda a ke yi, don kowa ya iya gyara nasa.

YADDA YA KE KASHE ƘARA

Sauti motsin iska ne, yana tafiya kamar igiyar ruwa in an jefa dutse a tafki. A jikin iyafis akwai ɗan makirfo mai sauraron ƙarar waje. Da ya ji ta, sai iyafis ya yi wani sauti kishiyarta. Inda ƙarar ta tura iska, shi sai ya ja. Inda ta ja, sai ya tura. Kamar mutum biyu ne masu ƙarfi ɗaya suna jan igiya, igiyar ba ta zuwa ko'ina.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Bajamushe, Paul Lueg, ya sami takardar mallakarta a Amurka cikin 1936. Cikin 1989 kamfanin Bose ya fara sayar wa matuƙan jirgin sama abin sauraro mai wannan dabara.

Amma ku lura. Ƙarar da ba ta sauyawa ya fi iya kashewa, watau irin ta mota, ko janareta, ko injin niƙa. Muryar mutane da kukan jariri ba ya kashe su sarai. In kun ji su, kada ku ce ya lalace.

ROBAR DA TA DACE DA KUNNE

A bakin iyafis akwai 'yar hular roba mai laushi. Aikinta shi ne ta rufe ramin kunne kamar yadda marfi ke rufe kwalba. In ta bar kafa, ƙara sai ta shiga ta nan, sautin kuma ya yi siriri, ba nauyi.

Galibi a kan ba da roba iri 3 cikin kwali. Nan ma ga amfanin karatu. S ita ce ƙarama, M matsakaiciya, L babba. A jikin iyafis kansa kuma akwai haruffa biyu. R na kunnen dama ne, L na hagu. Kada ku rikita L na roba da L na iyafis.

Ga yadda za ku sa shi:

1. Ku dubi harafin, ku sa kowanne a kunnensa.
2. Ku kama saman kunne da ɗaya hannun, ku ɗan ja shi sama da baya. Wannan yana miƙar da ramin.
3. Ku tura iyafis a hankali, ku ɗan murza shi har ya zauna, sa'an nan ku saki kunnen.
4. Ku yi magana. In robar ta rufe da kyau, za ku ji muryarku kamar daga cikin kai ta ke fitowa.
5. Ku yi hamma, ku girgiza kai. In ya zame, ku gwada robar da ta fi girma. In yana ciwo, ku gwada wadda ta fi ƙanƙanta.

Kunnuwan mutum ɗaya ba lalle ne su zama daidai ba. Ba laifi a sa M a dama, S a hagu. In robar ta tsage ko ta saki, a sake wata. Waɗansu iyafis, kamar AirPods Pro da kamfanin Apple ya fitar cikin 2019, suna da gwaji a cikin waya mai nuna ko robar ta rufe.

TSABTACE SHI

In kun cire robar, za ku ga 'yar raga kamar rariya. Ta nan sauti ke fitowa. Dauɗar kunne da gumi da ƙurar hunturu su kan haɗu su toshe ta. Shi ya sa guda ya kan fi guda ƙarfi. Ragar makirfo ma in ta toshe, kashe ƙara sai ya ragu, wani lokaci har a ji fito.

Sau ɗaya a mako ku yi haka:

1. Ku cire robar, ku ɗauraye ta ita kaɗai da ruwa mai tsabta. In ta soso ce, kada ku jiƙa ta, ku goge kawai.
2. Ku shanya ta a inuwa har ta bushe sarai.
3. Ku juya ragar ta dubi ƙasa, ku share ta da busasshen buroshi mai laushi, don dauɗar ta faɗo waje.
4. Ku goge jikin iyafis da busasshen ƙyalle mai laushi.
5. Ku mai da robar, ku danna har ta kama.

Kada ku tsokale ragar da allura ko ƙaya, sai ta huje. Kada ku tsoma iyafis cikin ruwa. Kada ku sa masa kananzir ko fetur.

IN YA ƘI CAJI

A jikin iyafis da cikin akwatinsa akwai 'yan ƙarafa ƙanana masu ƙyalli. Sai sun taɓa juna caji ke shiga. Ku goge su da busasshiyar auduga, ku kakkaɓe ƙurar akwatin, ku tabbata marfi ya rufu. Kada ku bar akwatin cikin rana, zafi yana kashe batir. In kun yi duk wannan bai gyaru ba, to, sai a kai wa mai gyara.

KU KIYAYE KUNNENKU

Iyafis a kan saya a kasuwa, amma ji in ya tafi saboda ƙara, ba ya dawowa. Mutumin da robarsa ba ta rufe ba, ya kan yi ta ƙara sauti don ya rinjayi ƙarar waje. Haka kunne ke lalacewa kaɗan kaɗan, mai shi bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin sautin waya. A riƙa cire shi kuma kunne ya huta.

Kada ku ba da aronsa, gama ciwon kunne ya kan bi roba. Kada ku sosa kunne da tsinke ko ashana ko gashin kaza. Suna tura dauɗa ciki, suna kuma iya huda dodon kunne. In kunne yana ciwo ko yana zubar da ruwa, ku ajiye iyafis, ku tafi asibiti.

Kada kuma ku sa shi kuna kan babur ko keke, ko kuna ƙetare titi. Abin da ya hana ku jin injin niƙa, zai iya hana ku jin mota tana zuwa. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Wace irin ƙara iyafis ya fi iya kashewa?
2. Mene ne ma'anar R da L a jikinsa?
3. Don me a ke juya ragar ƙasa kafin a share ta?
4. Rubuta abubuwa 3 da ba a yi wa iyafis.