Wata 27 tsakanin aji da gadon asibiti: yadda ake horar da mataimakin likita a Amurka

A asibitocin Amurka, mutumin da zai saurari koken majiyyaci, ya auna shi, ya tura shi gwajin jini, ya rubuta masa magani, ba lallai ne ya kasance likita ba. Sau da yawa mataimakin likita ne, wanda can suke kira da haruffa biyu, PA. Ba nas ba ne, ba kuma ɗalibin likitanci ba ne da karatu ya gagara. Sana'a ce mai makarantarta da jarrabawarta da lasisinta, kuma masu riƙe da shaidarta sun haura dubu 170.

Tushenta yana Jami'ar Duke da ke jihar Carolina ta Arewa. A 1965 Dakta Eugene Stead ya duba ya ga yankunan karkara na kukan rashin likitoci, ga kuma tsofaffin ma'aikatan jinya na rundunar soja da suka saba ɗinke rauni da ceto rai, amma da sun tuɓe kaki babu takardar da za ta ba su damar taɓa majiyyaci. Stead ya riga ya ga yadda aka gaggauta yaye likitoci a Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya tsara karatun shekara biyu a kan wannan turba. Ya fara da tsofaffin sojojin ruwa huɗu, uku suka kammala ranar 6 ga Oktoban 1967.

Wannan mafari ya bar wa sana'ar gado. Waɗancan ɗalibai ba su zo aji hannu rabbana ba, sun zo da ƙwarewa, kuma har yau abin da makarantun ke nema ke nan. Mai son shiga sai ya gama digirin farko, ya ci darussan tsarin jikin ɗan'adam da aikin gaɓoɓinsa, da ilimin sinadarai da na ƙwayoyin cuta. Bayan haka sai a tambaye shi sa'o'in da ya yi yana hidimar marasa lafiya da hannunsa. Makarantu da dama na neman sa'a 1,000 ko fiye. Shi ya sa za ka tarar da mai digiri yana aikin motar ɗaukar marasa lafiya, ko yana ɗibar jini, ko yana wanke tsofaffi a gidan kula da su, a kan albashi kaɗan, yana tara sa'o'i. A ganina wannan sharaɗi ya fi kowace jarrabawa tace mutane. Wanda ya shekara yana sauya wa majiyyaci zanin gado ya riga ya san ko zuciyarsa za ta ɗauka.

Karatun kansa digiri na biyu ne, kuma a tsaka-tsaki yana cin wata 27. Kashin farko a aji ake yinsa: fiɗar gawa ko makamancinta don sanin jiki, ilimin magunguna, yadda cuta ke kama kowace gaɓa, yadda ake karɓar tarihin ciwo da duba majiyyaci daga kai zuwa ƙafa. Abin da ɗalibin likitanci ke shimfiɗawa cikin kusan shekara biyu, nan an dunƙule mafi yawansa cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. Jarrabawa kusan kowane mako. Makarantu da yawa suna faɗa wa ɗalibi tun farko kada ya haɗa da wani aiki, alhali kuɗin karatu a wurare da dama ya kusa ko ya wuce dala dubu 100. Bashi dai shi ne abokin tafiyar mafi yawansu.

Kashi na biyu a asibiti yake, sa'a 2,000 ko fiye. Ɗalibi yana zagaya sassa, makonni kaɗan a kowanne: lafiyar iyali, cututtukan manya, yara, mata da haihuwa, tiyata, gaggawa, da lafiyar ƙwaƙwalwa. Kafin ya gama sanin inda ake ajiye safar hannu a wani sashe, an tura shi wani. In ya kammala, sai jarrabawar ƙasa mai suna PANCE, tambaya 300 cikin sa'a biyar, sannan lasisin jihar da zai yi aiki. Bai tsira ba: sa'a 100 na ƙarin ilimi duk shekara biyu, da sabunta shaida duk shekara goma.

Babban bambancinsa da likita yana nan. Likita yana yin shekara huɗu a makarantar likitanci, ya ƙara uku zuwa bakwai yana ƙwarewa a fanni ɗaya. Mataimaki ba a wajabta masa wannan zango ba, yana fita sai aiki, yawanci a ƙarƙashin kulawar likita ko da haɗin gwiwarsa, gwargwadon dokar jiha. Yana iya barin sashen ƙashi ya koma na fata ba tare da komawa makaranta ba, abin da ke jan mutane da yawa zuwa sana'ar, ga albashin da tsaka-tsakinsa ya wuce dala dubu 120 a shekara. Amma gajeren karatu irin wannan a kan duwatsun murhu uku yake zaune: ƙwarewar da aka shigo da ita, horon da aka samu, da likitan da za a juya a tambaya. A janye ɗaya, tukunya ta karkace.

Birtaniya ta ɗanɗana haka. Ta ɗauko tsarin, da karatun shekara biyu bayan digiri, amma ta daɗe ba ta shata iyakar aikin ba, kuma sai a Disamban 2024 majalisar da ke sa ido kan likitoci ta fara yi wa mataimakan likita rajista. Kafin nan an samu mace-mace da suka tada ƙura, inda majiyyata suka ɗauka likita ne ya duba su. Gwamnati ta sa Farfesa Gillian Leng ta yi bincike. Rahotonta na Yulin 2025 bai ce a soke sana'ar ba. Ya ce kada a bar su, in ban da a wasu keɓaɓɓun yanayi, su fara ganin majiyyacin da ba a riga an tantance ciwonsa ba, kuma sabon da ya fito ya yi aƙalla shekara biyu a babban asibiti kafin a tura shi ƙaramin asibitin unguwa. Gwamnati ta amince da shawarwarin.