Marubutan da Ba Su Shiga Kundi Ba: Ƙagaggun Labaran Hausa na Intanet da Matsalar Adana Su

Duk wanda ya bi kundayen digiri da ake rubutawa a sassan Hausa na jami'o'inmu a kan ƙagaggun labarai zai tarar sunaye kaɗan ne ke ta maimaituwa: Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Ahmed Funtuwa. Babu mai musun cancantarsu. Sai dai a yau kaso mai yawa na labaran da Hausawa ke karantawa ba ya bi ta maɗaba'a. Ana rubuta shi a wayar hannu, ana sakin sa shafi-shafi ta WhatsApp da Facebook da Wattpad, kuma galibin masu rubuta shi mata ne. Da wuya a ci karo da sunayensu a manazartar wani kundi.

Ana yawan danganta wannan rashi da raunin rubutun: karya ƙa'idoji, cusa Ingilishi, da batsa a wasu labaran. Akwai gaskiya a zargin, amma bai isa hujja ba, domin kusan irinsa aka yi wa littattafan da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano a shekarun 1990, har muhawara ta ɓarke tsakaninsa da Abdalla Uba Adamu a jaridu. Littattafan nan daga baya sun zama abin nazari a matakin digiri na uku. Abin da ya taimake su shi ne suna da jiki: ana iya sayen su a kasuwa, a jera su a kanta, a ƙirga. Da haka ne Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar da jerin littattafan 1987 zuwa 2002 a shekarar 2004.

Labarin intanet ba shi da wannan gata, kuma a ganina nan ne tushen matsalar. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mawallafi ya ajiye kwafi uku na abin da ya buga, amma labarin da ya fito a zauren WhatsApp ba shi da mawallafi, ba shi da lambar ISBN, ba shi da shekarar bugu. Marubuciyar kan saki shafukan farko kyauta, idan labari ya ɗauki zafi sai ta koma zauren da ake biyan kuɗi kafin a shiga. Wanda bai biya ba ya tsaya a rabin labari. Daga baya wani ya tattara shafukan wuri guda ya yaɗa ba da izini ba, wani lokaci an yanke sunan mai shi, wani kuma ya karanta shi a YouTube. Manazarcin da ya zo bayan shekara uku zai iya samun matani biyu ko uku masu saɓani, ya rasa wanne ne na asali. Ga kuma laƙabi: da yawa suna rubutu da sunan alƙalami ko alkunya, saboda aure ko gudun surutun dangi.

Ko kafofin da suka yi kama da maɗaba'a ba su da tabbas. OkadaBooks, wadda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu a kanta, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Duk wanda ya kafa hujja da adireshin wani littafi a can, yau hujjarsa ba ta kai mai karatu ko'ina.

Sakamakon haka, ɗalibin da ke neman kammala kundi cikin lokaci yakan zaɓi littafin da mai duba shi zai iya riƙewa a hannu. Idan ma ya leƙa intanet, sunayen da suka fi yawan mabiya yake ɗauka, ko waɗanda gasa ta fito da su, kamar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016. Gasar ta yi amfani ƙwarai, amma gajeren labari take karɓa, alhali ƙarfin waɗannan marubuta yana cikin dogon labari mai shafuka barkatai. Wadda ke da masu karatu kaɗan, ko wadda ke rubutu da Sakkwatanci ko karin Damagaram, ta faɗi sau biyu ke nan. (Wannan son sanannen suna tsohon hali ne: ko cikin littattafan gasar 1933, a kwatanta yawan nazarin da aka yi wa Ruwan Bagaja da wanda aka yi wa Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo.)

Asarar ba ta tsaya ga sunaye ba. Labarin da ake saki kullum yana sauyawa bisa sharhin masu karatu: a tsawaita rawar tauraron da suka so, a sassauta wa wadda suka tausaya wa. Wannan ya fi kusa da zaman tatsuniya fiye da littafin ɗab'i, kuma ba a iya nazarinsa idan an adana labarin an bar sharhin.

Saboda haka aikin da ke gaban sassan Hausa, kafin tarken jigo da salo, na tattarawa ne. Kowane labari a rubuta sunansa, da sunan da marubucin ya zaɓa wa kansa, da kafar da ya fara fitowa, da ranar shafin farko da na ƙarshe, sannan a ajiye cikakken matani a ɗakin karatu na sashe. Tilas a nemi izinin mai shi tukuna, domin labarin kuɗi hanyar abincinsa ce, kuma wadda ta ɓoye sunanta tana da haƙƙin a bar shi a ɓoye ko da manazarcin ya gano shi.