Ruwan da Aka Zuƙo, Na Jariri Ne Ko Na Uwa?

Uwargida, idan ke da maigida duk AS ne, kin san lissafin: kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Shi ya sa ma'aurata a nan Titin Bauchi suke yawan tambayarmu a kemis game da gwajin da ake yi wa jariri tun yana ciki.

Hanya biyu ce. Daga mako na 11 zuwa 14 ana ɗan gutsuro mabiyiya. Daga mako na 15 kuwa ana zuƙo ruwan faya da siririyar allura, likita na kallon hoton ciki. Cibiyar Sikila ta Ƙasa da ke Idi-Araba a Legas na cikin wuraren da suka daɗe suna wannan aiki.

To amma allurar nan sai ta ratsa fatarki da bangon mahaifa kafin ta kai ga ruwan, tana iya kwaso ƙwayoyin halittarki a hanya. Ke AS ce. Idan naki suka gauraya da na jaririn da yake SS, na'ura za ta ga A, takarda ta fito da AS, gida ya cika da murna, sai bayan wata shida da haihuwa yaro ya fara kumburin hannu da ƙafa. Wani lokacin ma, da wuya dai, mafitsara allurar ke shiga, kuma fitsari da ruwan faya duk ruwan ɗorawa ne a ido.

Don haka likitan da ya san aikinsa yakan zubar da ɗan abin da ya fara shiga sirinji. Muhimmin abu shi ne a ɗebi jininki, har da na maigida, a kwatanta ƙwayoyin gadonku da na samfurin. Kafin ki biya kuɗi, tambayi likita kai tsaye: za a gwada ko nawa ya gauraya a ciki? Idan ruwan ya fito da jini, tambayar ta ƙara zama dole. Mai tagwaye ta tambayi yadda za a tabbatar kowanne daga jakarsa aka ɗiba. Ki kuma karanta sunanki a jikin kwalbar da idonki kafin a rufe, don hanyar Legas na da nisa.

Idan rukunin jininki negetif ne, a tanadi allurar anti-D tun kafin ranar. Ana yin ta cikin awa 72, kuma sai wadda aka ajiye a firij.