Yankari: Kasuwar Yawon Shaƙatawa Da Ke Ƙofar Bauchi

BAUCHI — Gandun dajin Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, yana kimanin kilomita 110 kudu maso gabas da birnin Bauchi. An keɓe shi a 1956, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'an nan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006.

Babban abin da ke jawo baƙi shi ne Wikki, idon ruwa mai ɓuɓɓugowa daga gindin dutse, wanda ɗuminsa ke tsaye a digiri 31 rani da damina. Daga masauki sai a gangara matakala a iske shi, garau, ana hangen yashin ƙasansa. Masu sha'awar tafiyar ƙasa kan nufi kogunan dutse na Marshall, amma da ɗan rakiya, gama akwai giwaye.

Cinikin ya fi kankama da rani, lokacin da namun daji ke taruwa a bakin kogin Gaji. Masu motocin haya da masu otal a Bauchi ya kamata su yi tanadi tun kaka. Sai dai mafarautan ɓoye da masu shigar da shanu kiwo suna barazana ga giwayen, waɗanda su ne jarin.